Labaranmu

Ni ban taɓa sayar da ko ƙwayar maganin ciwon kai ba, amma a kantin magani na girma. Kawu, yayan Inna, shi ya ɗauke ni tun ina aji uku, bayan rasuwar babanmu. Kantinsa na nan a kwanar layi, ƙofa koriya, da allon suna wanda rana ta cinye rabin rubutunsa. Shekara talatin da ɗaya yana buɗe ƙofar nan. A bayan kantarsa na yi aikin makaranta, a kan katan ɗin ruwan ƙarin jini, ina shaƙar warin kwali da man zafi. Idan baƙo ya ce, "Wannan 'yar ƙanwarka ce?" sai Kawu ya haɗe rai ya ce, "'Yata ce." Ba ya ƙara komai a kai.

Mutum ne mai sauƙin kai, amma yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita: ba a liƙa wa kwalba takarda sai an buɗe an ga abin da ke ciki. Na taɓa shan ranƙwashi a kan dokar nan, har yau in na tuna sai na shafa tsakiyar kaina.

Yanzu sana'ata gina wa mutane shafin intanet. Ofishina ɗaki ɗaya ne a saman bene, ƙasa kuma mai buga takardu ne, wanda in ya kunna injinsa sai kofin shayina ya kama tafiya a kan tebur. Kawu bai taɓa gane abin da nake yi ba. Injiniya yake ce min, yana gaya wa mutane wai gyaran kwamfuta nake yi. Na gyara masa maganar har na gaji na bari.

Shi ya samo min aikin da ya zame mana masifa. Ƙungiyar masu kantin magani ce ke son shafi, sai ya miƙe a tsakiyar taro ya ce, "Me za a je nema a waje? Ga 'yata." Shugaban ƙungiyar amininsa ne, tare suka koyi aiki a wajen ubangida ɗaya tun ba su da gemu. Aka ba ni aikin ba tare da gardama ba.

Na yi shafin tsaf. Sunayen mambobi, dokokin ƙungiya, hotunan shugabanni kowa ya ci fuska kamar za a ɗaure shi. Bayan mako biyu Shugaba ya kira ni ofishin ƙungiya, na same shi tare da Sakatare.

"Injiniya, shafin nan naki ba ya motsi. Jiya na buɗe, yau na buɗe, fuskata dai nake gani. Ni ma na gaji da ita, balle wasu."

"Ranka ya daɗe, to a riƙa rubuta labarai mana."

Muka waiwaya muka kalli Sakatare. Bawan Allahn nan sai ya yi mako uku bai gama rubuta bayanin taro ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa.

Nan fa na ga wajen nuna gwaninta. Na ce musu akwai kamfanin dillancin labarai da ke raba labaransa ga duk shafin da ke so. Kamar famfo ne, in ji ni: su ke da tanki, mu za mu ja bututu zuwa gidanmu. Zan ba bututun kalmomi huɗu, magani, asibiti, lafiya, kemis, duk labarin da ke ɗauke da ɗaya daga cikinsu zai faɗo cikin akwati a gefen shafinmu da kansa, da hotonsa da komai.

Sakatare ya ɗago. "Ba wanda zai karanta kafin ya hau?"

"Ai daɗin abin ke nan," na ce masa, har da 'yar dariyata.

Wayo biyu na yi a aikin nan, kuma duka biyun na yi alfahari da su. Na farko, na san mutanenmu da kukan data da rashin sabis, sai na tsara akwatin ya kwafi kowane labari sau ɗaya ya ajiye, kada ya riƙa komawa wajen kamfanin yana tambaya ko an canza wani abu. Shafin ya zama yana buɗewa kamar ƙiftawar ido. Akwai wani ɗan layi a ƙasan kowane labari mai nuna inda ya fito, shi ma na cire shi, don yana cushe fuskar ƙananan wayoyi.

Na biyu shi ne sunan akwatin. Na rubuta "Labarai Daga Kamfanin Dillancin Labarai", ya karye gida uku, wato layi uku, a waya, muni kamar me. Na gwada "Labarai Daga Waje", ya karye gida biyu. Sai na rubuta "Labaranmu". Harafi tara, ya zauna daram a ƙarƙashin tambarin ƙungiya, ga daɗin faɗa. Ba wanda ya sa ni, ba wanda na tambaya. Na jingina da kujera na ce, kai, yarinyar nan kin iya aiki.

Wata huɗu abin yana tafiya sumul. Shugaba har kirana yake yi ya ce shafi ya zama gidan rediyo. Ni kuwa na kama wasu ayyukan, ko leƙa shi ba na yi.

Ranar wata Talata da hantsi Inna ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta tsaya amsawa ba.

"Kin ga abin da ƙungiya ta yi wa kawunki?"

"Wace ƙungiya? Me aka yi?"

"Duba wayarki. Na tura miki. Allah ya isa tsakaninmu da su!"

Hoto ne da wani ya ɗauka na fuskar wayarsa. A sama tambarin ƙungiya. A ƙasansa, Labaranmu. A ƙasan wannan kuma, da manyan baƙaƙe: An kama mai kanti da katan arba'in na jabun magani. Sai hoton ƙofa koriya, da allon da rana ta cinye rabin rubutunsa, har da bencin da Kawu ke ajiyewa a waje don tsofaffi.

Nan take na buɗe shafin kamfanin. Labarin na nan, amma da wani hoton daban. Ashe a wani gari can nesa aka yi kamen. Wani ma'aikacinsu ne ya lalubo tsohon hoton kantin magani a ajiyarsu ya manna, ba tare da ya san na waye ba. Minti arba'in bayan haka suka gane, suka cire, har da layin ba da haƙuri a ƙasa. Duk shafukan da ke jan labaransu sun karɓi gyaran. Ban da nawa. Nawa ya kwafi na farkon tun ranar Asabar, ya ajiye, bai sake waiwayawa ba, kamar yadda na koya masa.

Ban kai minti ɗaya ba na goge shi. Sai na zauna ina kallon gurbin, kamar wadda ta yi wani abin kirki. Wayata kuwa sai ƙara take yi, hoton nan ne dai ke shigowa daga mutane daban-daban, kowa da "Ba kawunki ba ne wannan?"

Na tarar da Kawu a bayan kanta, ya sa tabarau yana jera kwalaye da ba su buƙatar jeri. Ba kowa a kan bencin. Kafin in buɗe baki sai ga Malama ta shigo, tsohuwar shugabar makarantar firamarenmu, wadda ta fi shekara ashirin tana karɓar maganin hawan jini a wajensa. Ta ajiye leda a kan kanta, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Ka yi haƙuri. Yarana ne suka matsa."

"Malama, kin taɓa shan wani abu a nan ya cuce ki?"

"Ban taɓa ba. Da a jarida na gani, wallahi ko a jikina, 'yan jarida me ba sa faɗa? Amma ƙungiyarku ce ta faɗa da bakinta. Ku kuka san junanku."

Kawu ya jawo ledar ya duba kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Bai yi musu ba.

"To, shi ke nan. Amma ki biya wani kantin yanzu, kafin ki isa gida. Kada ki tsallake ko kwana ɗaya, kin ji? Maganin nan ba ya son tsallake."

Da ta fita na ji kamar in nutse a ƙasa. Na ce, "Kawu, kuskure ne. Kamfanin labaran ne suka sa hoton da ba shi ba, kuma sun ba da haƙuri. Na riga na cire."

"Na ji an ce haka." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Su ban riƙe su ba. Ba su san ni ba, ƙofa suka gani. Amma mutumin nan ya san ƙofar nan. Tare muka shafa mata fenti, shi ya riƙe min tsani."

Shugaba yake nufi. Ashe a taron da ya wuce sun yi sa-in-sa a kan wani dillali da Kawu ya ce a daina sayen kaya a hannunsa, har Kawu ya fita bai yi sallama ba. Yanzu ya haɗa wannan da wancan, ya samu amsa.

"Kawu, ba mutum ne ke sa labaran nan ba. Inji ne ke ɗaukowa da kansa."

"Injin ne ya ce namu?"

Ya tsare ni da ido, ba da zargi ba, da neman in taya shi ganin abin da ya gani. Ga gaskiya a kan harshena. Na haɗiye ta. Na ce bari in je in ga abin da za a yi, na fice kamar an koro ni. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ina tsoron fuskar da zai kalle ni da ita.

Washegari Shugaba ya hawo benena yana haki, ya zube a kujerar baƙi. Mutum mai ƙiba da barkwanci, amma ranar ya zabge. Ya ce sau biyu yana zuwa gidan Kawu, ana ce masa ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa.

"Na tambayi Sakatare wa ya raɗa wa akwatin nan suna," in ji shi. "Ya ce ba shi ba ne. Ni ma na san ba ni ba ne."

Na kasa ɗago kai. "Ni ce, ranka ya daɗe."

"Na sani." Injin ƙasa na ta girgiza mu. "Ba zan gaya masa ba. Ke ma kada ki gaya masa. Bar shi a kaina."

"Ya za a yi in bar shi a kanka?"

"Ni in ya yi fushi da ni, zai ci abinci ya yi barci. Mun saba, tun muna samari muke faɗa. Ke kuwa, a gaban mutum sittin ya miƙe ya ce ga 'yata. In ya ji ke ce, ban san abin da zai rage masa ba."

Wallahi na ji daɗin maganar nan, kuma jin daɗin shi ya fi komai ba ni kunya. An buɗe min ƙofar tsira, na shige da gudu.

Muka fitar da sanarwa. Sakatare ya rubuta ta a yini ɗaya, abin da bai taɓa yi ba a tarihinsa. Ta ce kamfanin labarai ne ya yi kuskuren hoto, kuma ƙungiya na shaida cewa mambanta mutumin kirki ne. Na ɗora ta a saman shafi da jan rubutu. Ina iya ganin adadin waɗanda suka buɗe ta: mutum sittin da ɗaya a kwana biyar, kuma na san goma daga ciki ni ce. Wancan hoton kuwa har wajen 'yar'uwar Inna da ke aure a wata ƙasa ya kai. Waɗanda suka ga sanarwar ma cewa suka yi, ai dole su kare nasu, an sasanta ne a bayan fage.

Jami'an hukuma suka zo kantin, suka yi awa uku suna buɗe kwalaye, ba su samu komai ba, suka yi masa godiya suka tafi. Mutanen layi ba su ji godiyar ba, motar kawai suka gani a ƙofa. Inna kuwa kullum sai ta yi wa Shugaba wankin babban bargo a gabana, tana cewa ta daɗe da sanin murmushin nan nasa na munafunci ne. Ni ina zaune ina tsinke zaren gefen mayafina.

Kwana goma sha biyu muna haka. Ranar Litinin da azahar na ji taku a matakala, a hankali, ana tsayawa ana hutawa. Na ɗauka mai kawo takarda ne. Sai ga Kawu a bakin ƙofa. Shekara huɗu ina ofishin nan, bai taɓa hawowa ba saboda gwiwarsa.

"Ashe nan ne," ya ce, yana kallon wayoyin da suka harɗe a bayan tebur. "To, Injiniya, aiki na kawo miki. Ke ce mai kwamfuta."

Ya zaro takarda daga aljihu, rubutun hannunsa ne, irin mai tsayin nan da yake yi a jikin ledar magani. Takardar ficewa daga ƙungiya ce. Yana so in buga, ya sa hannu, a karanta a taron ranar Asabar a gaban kowa.

Na jawo kujera na ba shi. Na fara bugawa. Sunansa, lambar rajistarsa, shekarar da ya shiga, shi ne na bakwai a cikin waɗanda suka kafa ta. Yana zaune a gefena yana bin allon da ido, yana gyara min inda na tsallake waƙafi. Har na iso sakin layi na uku. Ga abin da ya rubuta: "Baƙo ya yi kuskure, na yafe masa. Amma wanda ya ɗauki ƙaryar baƙo ya rubuta mata namu, ya san ni, ya san ƙofata, kuma ba zan sake zama inuwa ɗaya da shi ba."

Yatsuna suka ƙi tafiya.

"Rubutun ne ba ki gane ba? Namu na ce."

"Na gane, Kawu."

Na rufe takardar, na buɗe cikin shafin, inda ba wanda ke gani sai ni. Na nuna masa layin da yatsa. Kalmar na nan a tsakanin alamomi, da ranar da aka rubuta ta, da sunan wadda ta rubuta.

"Ni na sa sunan nan. Shugaba bai sani ba sai da ya gan shi a waya kamar kowa. Ni na cire layin da ke nuna inda labari ya fito. Ni na hana akwatin komawa ya ɗauko gyara. Sun gyara tun ranar, Kawu, cikin minti arba'in. Nawa ne bai gyaru ba. Shugaba ya sani, shi ya ce in yi shiru don kada ranka ya ɓaci, ni kuma na yi shirun don ina jin tsoro."

Ina maganar ina kuka, irin mai majinar nan mara kyan gani. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya daɗe yana kallon harafi taran nan.

"Me ya sa namu?"

"Shi ne ya shiga layi ɗaya a waya."

Ya juyo ya kalle ni, yana jiran sauran bayanin. Babu saura.

"Da labarin ya zo, kin karanta kafin ya hau?"

"Ba a karantawa, Kawu. Da kansa yake hawa."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Wata huɗu."

"E."

"Ba ki buɗe ba, kika liƙa masa takarda."

Da ranƙwashin ya yi min, da na gode masa. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki takardarsa daga kan tebur, ya ninke ta gida huɗu, ya mayar aljihu. Ya dafa tebur ya miƙe.

"Kwana goma sha biyu ina cewa ƙarya suka yi min," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ashe kalmar gaskiya ce. Namu ne."

Na tashi zan riƙe masa hannu a matakala, ya ce in bari, akwai ƙarfen dafawa. Ta taga na ga ya fito titi ya tsaya jim. Bai nufi kantinsa ba, ya yi hannun hagu, hanyar kantin Shugaba.

Sun shirya a ranar. Bai fita daga ƙungiya ba. Ni kuma na canza sunan akwatin, yanzu gida uku yake karyewa a waya, muninsa na nan, na mayar da layin da na cire, kuma ba labarin da ke hawa sai na karanta shi da idona kowace safiya. Wasu masu sayen sun dawo. Malama ba ta dawo ba, ta wancan tsallaken take bi.

Kawu bai taɓa tayar min da maganar ba, bai kuma gaya wa Inna ba. In na gaishe shi yana amsawa, har ya tambayi aiki. Kowace Asabar ina zuwa in taya shi duba kwalayen da kwanansu ya kusa ƙarewa, tunda idonsa ya fara rauni.

Asabar ɗin da ta wuce ina tsugune a bayan kanta, wani sabon wakilin kamfanin magani ya shigo da jakarsa. Ya gaisa da Kawu, ya leƙo ya gan ni, ya ce, "A'a, Baba, wannan ce 'yar taka injiniyar da ake faɗa?"

Kawu bai ɗago daga takardar da yake dubawa ba.

"'Yar ƙanwata ce," ya ce.